Kwalin da Hajiya ta ɗauko

Ban taɓa mantawa da wata Asabar a shekarata ta farko a babban kantin sari da ke garin Sterling, a ƙasar waje, ba. Ni mataimakiyar kashiya ce, ita ta buga kuɗi, ni in shirya wa mutum kayansa a keken turawa. Abin da aka fara koya mana shi ne, ba ruwanka da abin da mutum ya zaɓa.

Akwai wani kwali da ake saye sosai a nan. Giya ce ta ƙananan kamfanoni, kala-kala a kwali ɗaya. Masu sha suna cewa ya fi arha a kan sayen ɗai-ɗai, kuma in an yi baƙi kowa zai sami tasa. Jikin kwalin duk hoton mangwaro ne da lemo.

Ran nan sai ga wata dattijuwa da mayafi a layinmu, ita kaɗai, keke cike da shinkafa da mai, kwalin nan biyu a sama. Na gaishe ta da Hausa, ta riƙe hannuna kamar ta ga 'yar uwa. Daga Kano ta zo, 'yarta ta haihu, gobe suna. Surukinta ne ya kawo ta, ya je ɗauko burodi.

Na ce, "Hajiya, wannan fa?"

"Lemon baƙi ne, 'yar nan. Kin ga har da na mangwaro."

Na tuna dokar aiki, na kuma tuna waɗannan kwalaye a keken surukinta za su fita. Na matsa kusa da kunnenta na faɗa mata. Ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ki rufa min asiri kafin yaron nan ya dawo."

Na je wurin shugabar layinmu na yi mata bayani da ɗan Turancina. Ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta ce in hanzarta. Na mayar da kwalayen, na ɗauko na lemon gaske, shi ma kala-kala, har ya fi arha.

Sai da komai ya lafa surukin ya ɓullo da burodi ɗaya tal. Hajiya ta kau da kai, ta ce, "An daɗe." Ya ce layi ne.

Ina shirya kayan ya sunkuyo ya ce a hankali, "Anti, Allah ya saka. Tun tana ɗauka na gani, bakina ya ƙi buɗuwa. Ina can bayan burodi ina addu'a."

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata, dokar nan daidai ce, amma ku riƙa duban fuskar mai kaya, ba kayan kaɗai ba. Washegarin Asabar ɗin nan an aiko min da naman suna har wurin aiki.