Bunsurun da ke faɗa ido rufe

A gidanmu na Bukkuyum, in an idar da magariba aka sauke tuwo, Kaka Ige ba ta barin wutar murhu ta mutu a banza. Sai ta tura karan dawa biyu ciki, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni nakan zo a makare, hannuna duk tawada, don Baba ba ya sakina sai na gama rubuta allona.

"Ga maigidana nan," in ji ta. "Miji sai tawada, ko goro babu. Zamna, ga ta nan tahe gare ku."

"Ta iso mu ji ta," mu ce.

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta wani bunsuru da bai taɓa koyon karo ba. Ran nan kura ta tare shi a bakin rafi. Tsoro ya kama shi, ya runtse ido, ya shiga kai ƙaho gabas da yamma, yana harbi da ƙafa huɗu, yana kuka. Cikin haka ƙaho ya sami hancin kura, ta ruga. Awaki suka yi ta guɗa, suka ce an sami jarumi. Da kura ta dawo, sai ta koma gefe ta zauna. Bunsuru ya rufe ido ya yi ta dukan iska har ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Sannan ta taso a hankali.

Mukan yi dariya har da faɗuwa, don Kaka kan kwaikwayi harbin da zanenta. Wata rana na ce, "Kaka, to mi ya kamata shi yi?"

Ta tono gyaɗa, ta hura ta. "Mi zai yi kuwa? Abin da ya iya ke nan, ɗan nan."

Na ɗauka darasin shi ne mutum ya koyi abu kafin ya shiga. Haka na yi ta faɗa wa ɗalibaina shekara da shekaru a Tungar Daji, inda na zauna ina koyar da allo.

A garin nan ana niƙa dutsen zinariya har cikin gidaje, ƙurarsa ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Bara 'yata Hafsatu ta fara suma, jikinta na sandarewa. Aka ce gubar dalma ce, muka kwanta asibiti a Anka. Wata la'asar na fita cajin waya a wani shago, na tarar da samari sun taru gaban talabijin suna gem na faɗa: mutum biyu a allo suna naushi, kowa na juya nasa da wani abu mai maɓallai a hannu. Ɗaya yana dannawa a natse. Ɗayan kuwa, wani mai haƙar zinariya da ƙasa har gira, yatsunsa duka na bisa maɓallan, yana ta lugude.

"Malam, wanga bai iya komi ba," in ji mai shagon. "Danne-danne ɗai yakai. Wani bi ya dace ya ci, shi kanshi bai san wane ya danna ba."

Na tsaya ina kallo, ban iya dariya ba. Tun da ciwon Hafsatu ya fara na yi rubutu na wanke na ba ta. Na sayo sassaƙe, na yi hayaƙi, na je kemis, na kira duk lambar da ke wayata. Ranar da ta buɗe ido ta ce ruwa, ban san wanne ya yi aiki ba, sai na sake yin su duka. Waraka ta Allah ce, ban taɓa shakka ba. Amma hannun uba ba ya yarda ya zauna a cinya. Sai a shagon nan na lura Kaka ba ta taɓa zagin bunsurun nan ba, mu ne muke dariya.

Mutumin da mai haƙar zinariya ke juyawa ya faɗi a allo, bai tashi ba.

"An kashe ka, Ɗanjuma, aje mana!" in ji abokinsa.

Bai aje ba. Ya ci gaba da dannawa.

Na karɓi wayata. An ce a bayan tasha akwai wata tsohuwa mai saiwar da ban gwada ba tukuna. Na yi bismillah, na nufi can.