Hanci Na Tara

A unguwarmu a garin Ticul, in ka ga katanga ta haura shekara talatin ba ta tsage ba, kada ka wahalar da kanka da tambaya, ginin Don Chencho Mukul ne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farar ƙasa ta cinye masa tafin hannu har yana iya ɗaukar garwashi ya kunna taba. Ga shegen tsanani a kan aiki. Sai ya rushe jeri uku saboda dutse ɗaya ya karkace da faɗin farce, mai gida ya yi ta tsalle yana masifa, shi ko a jikinsa.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne kufan kakanni da ke bayan tsaunukan nan, tafiyar awa ɗaya a mota. A can ya fara riƙe cokalin gini, amma shekara arba'in da ɗaya ko hanyar bai ƙara kallo ba. Matarsa Doña Fide kaɗai ta san dalili, ita ma sai da suka aurar da 'ya biyu kafin ya iya faɗa mata.

Lokacin yana da shekara ashirin da tara, an yi masa haihuwar fari, gonar masara kuma fari ya ƙone ta. Ya samu aikin kwaɓa farar ƙasa a wurin masu tayar da ginin da ya zube, ƙarƙashin wani babban magini, Don Anacleto Uc. Tsoho ne marar fara'a, magana sai ta kama dole, amma kullum da rana sai ya raba curin pozol ɗinsa biyu, ƙullun masarar nan da ake damawa a ƙoƙo da gishiri da barkono, ya tura wa Chencho rabi ba tare da ya dube shi ba.

Kowane dutsen da aka tsinto a ƙasa akwai lambarsa da jan fenti, kuma akwai takardar da ke nuna mazauninsa. Chencho bai iya karatu ba, ya kuma ɓoye, don da an sani da ba a ɗauke shi ba. Sai ya riƙa satar koyon lambobi yana tsaye a gaban teburin Don Anacleto. A gaban teburin fa, ba a bayansa ba! Duk abin da ya koya a kife ya koye shi.

A kusurwar ginin akwai fuskokin Chaak guda tara, ubangijin ruwan sama na mutanen dā, kowace da dogon hanci mai lanƙwasa. An kafa takwas an lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna kada rana ta busar da kwaɓin da wuri. Ran nan zazzaɓi ya kayar da Don Anacleto, ya ce, "Kai, hau ka sa na taran." Chencho ya hau cike da murna. Ya juya dutsen har lambar ta zauna yadda ya saba ganinta, ya danna shi, ya cika da kwaɓi, ya rufe.

Ranar da aka tashi aikin shekarar aka yaye buhunan. Kowa na ta loda kaya a mota, shi kuwa ya zagaya don ya ga aikin hannunsa. Hanci takwas sun ɗaga sama, nasa ya sunkuya yana kallon ƙasa. Ya tuna jaririyar da ke gida, ya ja bakinsa ya hau mota. Da shekara ta zagayo injiniyan da ke kula da aikin ya aiko a kira shi wani aikin a kufai masu nisa, wai Don Anacleto ya yabe shi. A can ya zama magini, a can ya koyi karatu. Ya ji dai an ce tsohon ya daina aiki, ya ɗauka tsufa ne.

To, jaririyar nan ce, wadda yanzu take aikin jinya a birnin Mérida, ta tashi yi wa ubanta gwaninta ranar da ya cika saba'in. Ta kama musu kujera biyu a motar masu yawon buɗe ido, da 'yar jagora da abincin rana, zuwa wannan kufai ɗin dai.

"Ba inda za ni," in ji shi. "Ƙafata ke ciwo."

"Jiya da ka hau rufin maƙwabta ƙafar aro ka sa?" Doña Fide ta ce. "Tsoho da kai kana tsoron dutse! In ma sun gano, ɗaure ka za su yi? Tashi ka sa farar rigarka, ni dai ban taɓa shiga mota mai sanyi ba."

Haka ya shiga, ya takure a tsakanin baƙi jajaye masu ƙamshin man shafawa na kare zafin rana, curin pozol da ƙoƙo a jakarsa, don shi bai yarda da abincin da ake rufewa a kwali ba. Tunani ɗaya ne ke cinsa: ko an ciro dutsen an gyara, ko yana nan yana tona masa asiri.

'Yar jagorar sunanta Yesenia Tzuc, 'yar ƙauyen da ke gefen kufan ce, bakinta kamar rediyo. Ta yi wa baƙin Ingilishi, ta juyo ta yi wa tsofaffin biyu yarensu na Maya. Ta nuna rijiyoyin tara ruwa, ta nuna matakala, Don Chencho na ta gunaguni.

"Wannan kwaɓin yashi ya yi masa yawa."

"Rufa mana asiri," Doña Fide ta zungure shi. "Ba kai aka biya ba."

Sai suka karya kwana. Ga hancin nan a sama, ya yi baƙi kamar sauran, ya sunkuya yadda ya bar shi. Don Chencho ya cire hularsa.

Yesenia ta yi wa baƙin bayani, suka kwashe da dariya suna ɗaukar hoto. Sannan ta juyo. "Kaka, ku ma ku ji. Wancan mu a garinmu Hancin Anacleto muke ce masa. Wani magini ne na garinmu. Kashegarin da ma'aikata suka watse injiniya ya gani, ga shi ba dama a ciro shi sai an fasa. Ya kira shi ya ce ya faɗi leburan da ya yi wannan aika-aika, a soke sunansa har abada. Tsohon ya ce, hannuna ne. Shi ke nan, ba a ƙara ɗaukarsa ba, ya koma gonarsa har ya rasu. In yara sun tsokane shi sai ya ce, takwas suna roƙon ruwa, ai dole a samu ɗaya da zai nuna masa hanyar ƙasa."

"Ƙarya yake yi!"

Kowa ya waiwayo. Don Chencho ne, hularsa a hannu, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ƙarya yake yi, 'yata. Ranar yana kwance a ragarsa ta barci, zazzaɓi na kaɗa shi. Ni na sa shi. Ni ne jakin da ya karanta tara a kife." Ya share hanci da bayan hannu. "Ashe ya sani. Ya sani kuma ya aika sunana gaba. Ni kuwa ina can ina ƙoshi, ko sau ɗaya ban je na gaishe shi ba, don kada ya dube ni ya gane."

Doña Fide, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta riƙe masa hannun riga. Baƙin suka matsa sai an fassara musu, Yesenia ta ɗaga musu hannu su dakata.

"Kaka," ta ce a hankali, "shekara shida ina ba da labarin nan kullum. To yanzu me zan riƙa cewa? In mayar da shi Hancin Chencho?"

Ya ɗaga kai ya dubi dutsen.

"A'a. Ni rabin yini kawai na ɗauke shi. Shi kuwa har kabari. Bar masa sunansa. Amma ki riƙa ƙarawa cewa bai taɓa kifa dutse ba a rayuwarsa. Kuma ki ce akwai gida a Ticul, da 'ya'ya biyar da jikoki goma sha ɗaya, duk a kan ƙaryar nan tasa aka gina su."

Da lokacin abinci ya yi aka raba kwalaye a inuwar bishiya. Don Chencho ya tura wa matarsa nasa, ya fito da ƙoƙo ya zauna a inda yake hango kusurwar. Ya tambayi Yesenia ko tsohon ya bar baya, ta ce akwai 'yarsa, tana nan bayan coci, katangar gidanta ma ta zube tun damina.

"Ki gaya mata ran Litinin magini zai zo."

Sannan ya ɓare ganyen ayabar da aka naɗe pozol ɗin a ciki, ya raba curin biyu. Ya dama rabi ya sha. Ɗaya rabin ya tura gefe, kan dutsen da ke kusa da shi, ba tare da ya duba ba.