Sa Hannu a Akushin Baƙi

Mutanen Sabo na wancan zamani da tumbi suke auna mutum. In tumbinka ya riga ka shiga zaure, to kai ne mai arziki, har da durƙuso za a gaishe ka. In kuwa ana iya ƙirga haƙarƙarinka, ko izu sittin ke kanka sai dai a ce maka sannu a wuce. Da wannan ma'auni suka auna mijina har suka gama da shi, ni kuwa ina cikin kulle, katanga ɗaya tsakanin ɗakina da zaure, duk abin da suka faɗa a kunnena.

Da ƙafa ya zo Ibadan. Ɗan koren shanu ne tun daga ƙasar Kano, dogo, siriri, mai kaushi a diddige. Da Turawa suka tattara Hausawa daga cikin gari suka zuba su a Sabo, ya sami fili ya kafa bukka, bukka ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida. Kafin a kawo ni ya riga ya zama maigida, wato mai saukar fatake: su kawo shanu daga Arewa, su kwana a gidansa, su ci abincinsa, shi kuma ya haɗa su da mahautan Yarbawa. Tun ranar da aka fara kiransa da wannan suna ya zauna a kan buzu, bai ƙara tashi ba sai salla. Ko zangon shanu dillalai yake aikawa, wai babban mutum ba ya yawo.

Ni ke girki, saboda haka ni na san abin da ke shiga cikin nan. Da safe koko da ƙosai. Da rana teba ko sakwara, waɗanda muka koya wurin matan Yarbawa har muka fi su iyawa. Bayan magariba tuwon dawa, malmala uku nasa shi kaɗai. Tsakani kuma fura da zuma, don kada baki ya huta.

Shekara ta bakwai da aurenmu ya fara shan ruwa kamar rairayi. Ya sha ya fita fitsari, ya dawo ya sha. Ƙuraje suka feso masa a wuya suka ƙi warkewa. Ran nan na ga tururuwa sun yi dafifi a makwararar bayan gida, daidai inda yake tsugunawa, ban ga sun kula wajen da nake nawa ba. An sha rubutu, an sha saiwoyi, shiru. Wani akawu Bayarabe na tashar jirgi, wanda kawunsa ya yi irin ciwon, shi ya ja shi asibitin gwamnati. Likita ya dafa fitsarin a ƴar kwalba, launinsa ya juye, ya ce zaƙi ne ya yi wa jininsa yawa. Abin da yanzu kowa ke kira ciwon suga ke nan, mu a lokacin ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Malam ya dawo ya zauna bakin gadona ya lissafa mini dokar da yatsu. Ba tuwo, ba fura, ba doya, ba teba, ba zuma, ba rake. Nama, kifi, ƙwai, ganye, kuɓewa, gyaɗa kaɗan. Sannan tafiya da ƙafa kullum har sai ya yi gumi.

Na ce, "Malam, ai wannan ba wuya. Da can ba haka ka rayu ba?"

Ya ce, "Da can ni ba kowa ba ne."

Duk da haka ya gwada, Allah ya ji ƙansa, kuma ya gwada da gaske. Daga sallar asuba sai ya miƙe ya nufi tashar jirgi, ya zaga ta zango, ya dawo riga sharkaf. Ni kuma in dafa masa zogale ko rama, in gasa tsoka, in yi miyar lalo mai kauri da busasshen kifi, in zuba a ƙaramin akushi daban. Wata biyu ba su cika ba ƙishirwar ta lafa, ƙurajen suka bushe. Kullum da hantsi nakan leƙa makwarara, na ga tururuwa sun watse. Tumbin ya saɓe, wuyansa ya fito, har dariyarsa ta dawo. Ban taɓa jin daɗin girki kamar na watannin nan ba.

To, a nan ne masu ƙaunarsa suka tashi ceto.

Na farkonsu amininsa ne, maigidan goro da ke maƙwabtaka da mu, mutumin da sai an kama shi yake tashi daga ruku'u. Ya shigo zaure yana haki ya ce, "Mutumina, me nake ji haka? An ce an gan ka bakin tasha da ƙafa, kana zufa kamar ɗan dako. In wani abu ya faru ka faɗa mana mana, ai ba a ɓoye wa ɗan'uwa."

Malam ya ce likita ne ya sa shi.

"Likita! Bature ya ce Bahaushe ya bar tuwo, kai kuma ka bari? Shi ya bar burodinsa ne? Kwaɗon rama fa abincin mata ne. Dube ka don Allah, duk ka zube."

Zaure ya ɗauki dariya. Kafin Juma'a magana ta zaga Sabo ta dawo da ƴaƴa: wasu su ce ya karye, wasu su ce sammu ne, mata kuma suka ce ni na mallake shi nake ba shi ciyawa kamar akuya. Sai ga kwanukan dubiya daga gida-gida, wannan alkaki, wannan nakiya, wannan fura har da zuma a sama. Mutum ya sami lafiya ana zuwa duba shi! Na juye wa maƙwabta su duka, aka ƙara da cewa ga rowa ga baƙin hali.

Duk wannan da ya jure. Abin da ya karya shi akushi ne. A al'adar gidan saukar baƙi, maigida ba ya ware kwano. Shi ke fara sa hannu a akushin baƙi, ya yanki loma ya ci a gabansu, sannan su bi. Haka baƙo ke sanin an karɓe shi da zuciya ɗaya, kuma ba a zuba masa komai ba. Malam ya yi ta dabara, ya taɓa miya ya lasa, ya ja ƙaramin akushinsa gefe. Ƙananan fatake ba su damu ba, wasu ma suka riƙa juye naman nasa a kan tuwonsu suna yaba hannuna.

Sai babban baƙonsa ya sauka, wani tsohon falke Bakatsine da ya shekara goma yana kawo masa garke. Aka ajiye tuwo. Can sai muryar tsohon:

"Maigida, bismilla."

"Ku ci, baba, ni ga nawa nan."

"Naka daban, namu daban? Yaushe aka fara haka a gidan nan?"

Malam ya yi bayani tiryan-tiryan, har da kwalbar likita. Tsohon ya saurara ya gama, ya ce, "Ni dai tun da nake fatauci ban taɓa cin abin da mai gida ya ƙi ci ba. In an gaji da mu ne, Sabo da faɗi."

Na tsaya riƙe da muciya ina addu'a a raina Malam ya ce masa Allah ya kiyaye hanya. Sai na ji ƙarar jan akushi, na ji Malam ya ce bismilla, na ji zaure ya ɗauka da "Yauwa, ko kai fa!" Ranar akushin ya dawo a suɗe, ƙaramin kuwa ko buɗe shi ba a yi ba.

Da ya shigo na ce, "Malam, ranka ka ba shi don kada ya ji haushi?"

Ya ce, "Loma biyu ce. Ke ba ki san sha'anin maza ba."

Na san shi sarai. Sha'anin maza shi ne mutum ya ga rami ya faɗa don kada a ce ya ji tsoro. Loma biyu ta zama malmala, tafiyar asuba ta koma ta ranar Juma'a, daga nan ta mutu. Amininsa ya riƙa shigowa yana cewa, "Alhamdu lillahi, jiki ya fara dawowa." Ya dawo kam, tare da ƙishirwa da ƙuraje, har da hazo-hazo a ido wanda da babu.

Da damina ya yi tuntuɓe da turmi, ɗan yatsan ƙafa ya fashe. Abin da yaro zai ɗaure da tsumma ya ci gaba da wasa, shi ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya hau sawu. Ya daina fita zaure. Warin ya cika gida duk da turaren da nake ƙonawa. Masu ceton nan suka fara tsayawa daga bakin ƙofa suna jefo "Allah ya sawwaƙe", hanci a cikin rawani. Bakatsinen da ba ya cin abin da mai gida ya ƙi ci, ashe ba ya kwana kuma inda mai gida ke wari. Da ya kawo garke na gaba, kai tsaye ya sauka gidan aminin, sauran fatake suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mai goro ya wayi gari yana saukar masu shanu, bai ko ji kunyar haɗa katanga da mu ba.

Ban faɗa wa Malam ba. Idonsa ya riga ya tafi, ba ya ganin ko hannuna. Ranar da zai cika, da la'asar, ina ɗiga masa ruwa a baki, ya kama wuyan hannuna ya ce, "Baƙi sun ci abinci?"

Zaurenmu ya kwana arba'in ba kowa sai kaji. Daga gidan maƙwabci kuwa ina jin tsohon falken yana gyatsa, yana neman a ƙaro miya.

Na ce, "Sun ci, Malam. Sun ƙoshi."