Ranar da na goge rubutun Nazifi

Shekara shida ke nan cif da rasuwar ƙanena Nazifi. Yana aji uku a jami'a a Kafin Hausa ciwon sikila da ya taso da shi ya kwantar da shi, kwanciyar da bai tashi ba. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa, domin akwai abin da na aikata bayan rasuwarsa wanda mahaifiyarmu ba ta sani ba sai kwanan nan.

Nazifi bai taɓa buga ƙwallo a fili ba. Yaran unguwarmu ta Limawa suna guje-guje, shi yana kan dakali yana kallo, don gudu kaɗan zai yi ƙasusuwansa su ɗauki ciwo. Da ya samu waya, daga baya kuma ya gaji tsohuwar kwamfutata, sai ya rama duk abin da ya wuce shi. A wasan ƙwallo na gem babu mai cin sa a layinmu. Ni kuwa malamin sakandare ne, irin masu ganin duk abin da ba ya fitowa a jarrabawa ɓata lokaci ne. In na same shi yana danne-danne sai in ce, "Ranka ya daɗe, yau wace ƙasa aka ci da yaƙi?" Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Yaya, zo in koya maka, ka daina tsufa da wuri."

Yana da shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, inda yake zuba surutunsa da Hausa. Abokansa sun ce yana rubutu a kan wasannin gem, da yadda sabis ke ɗaukewa daidai lokacin da mutum zai ci ƙwallo, da faɗan da 'yan intanet ke yi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya sha turo min adireshin shafin. Kullum amsata ɗaya ce, zan duba, kuma ban taɓa dubawa ba.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, Kawu Sale, yayan mahaifiyarmu, ya ja ni gefe. Ya ce, "An ce yaron nan ya bar abubuwa a intanet. Ka san duk wanda ya kalli shirme a can, alhakin yana bin mamaci har kabari. Kai ne babba, ka rufa masa asiri." Maganar ba baƙuwa ba ce. Haka muke yi, in wani ya rasu sai a yi ta kiran danginsa su goge hotunansa da duk abin da ya saka, don kada zunubi ya ci gaba da gudana a kansa. Kawu bai faɗi haka da mugunta ba, tausayi ne ya sa shi.

Auwalu, abokin Nazifi da suke ɗaki ɗaya a makaranta, shi ne ya san lambar sirrin shafin. Da na nema sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yaya, don Allah ka karanta tukuna. Wallahi babu abin kunya a ciki." Na daka masa tsawa na ce, "Kai za ka amsa masa tambaya a kabarin?" Ya ba ni. Da hantsi, a zauren gidanmu, masu ta'aziyya na shiga suna fita, na buɗe kwamfutar. Sau biyu ta tambaye ni ko na tabbata ina son gogewa, sau biyu na ce na tabbata. Na tashi ina jin na yi wa ƙanena babbar gata.

Wani lokaci ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Ɗalibaina ba su da haƙurin karanta sakin layi biyu, sai gajeren bidiyo, a yi dariya a wuce. Gidajen gem sun yawaita a Dutse, har akwai samarin da ake zama a kalle su suna wasa kamar yadda ake kallon ƙwallon gaske. Ina jin da ya ji daɗin wannan, da kuma ya tsokane ni da cewa ga abin da na raina ya zama sana'a. Amma hasashe nake yi kawai. Mutumin da ya zauna ya rubuta ra'ayinsa shekara da shekaru, ni yayansa sai dai in yi ta cankar abin da zai ce.

Daga baya na tambayi wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya ce abin da yake saɓo ne ake cirewa, magana mai kyau kuwa tana iya amfanar mai ita. Sannan ya tambaye ni wane iri ne Nazifi ya bari. Kunya ta rufe ni, domin ban karanta ko ɗaya ba.

Watan jiya Umma ta ce min, "Wai rubutun nan da marigayi yake yi, ka nemo ka karanta min mana. Muryarsa ta fara ɓace min." Na kira Auwalu, wanda yanzu yake aiki a Garki, na ba shi haƙurin da ya kamata in ba shi tun tuni. Ya bincika tsofaffin saƙonninsa ya samo rubutu guda ɗaya tak, wanda Nazifi ya tura masa ya duba kafin ya saka.

Na zauna gaban Umma bayan la'asar na karanta. A ciki yana cewa Ummansa ba ta yarda akwai wasan da ba a iya tsayarwa ba. Yana tsaka da karawa da wani a intanet za ta ƙwala masa kira ya sayo mata daddawa, shi kuma sai ya ajiye ya tafi, ya dawo ya tarar an yi masa ruwan ƙwallaye. Ya ce ɗan wasa mafi haɗari da ya taɓa karawa da shi ita ce, kuma bai taɓa jin haushi ba, don duk ranar da ta aike shi alama ce yana da lafiyar zuwa.

Umma ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ashe cin sa ake yi? Yaron nan bai taɓa faɗa min ba."

Abin da ya rage na Nazifi ke nan a hannunmu: addu'a, da kirkinsa da abokansa ke ambato, da wannan rubutu ɗaya. Ba na ce kowa ya bar komai ba, amma wanda aka ɗora wa irin wannan aiki, ya karanta kafin ya danna.

Da ta share ido sai ta gyara zama ta ce, "To, karanto na gaba."

Na ce, "Umma, babu na gaba. Ni na goge su, tun ranar uku."

Ta ce, "Ka karanta su kafin ka goge?"

Na ce a'a.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "To maimaita min wannan ɗin. A hankali."