Rabin Ƙwaya

Shekarar da maganin hawan jinin mahaifiyata ya yi wuya a gari, ni na san irin wahalar da na sha. Da na wata biyu ake ba mu a asibiti. Aka koma wata guda, aka dawo sati biyu. Mai ba da maganin ya ce min ta taga, kamfanin da ke shigo da shi ya tattara ya bar ƙasar, canjin kuɗi ya tashi, babban sito kuma bai aiko ba, shi ya sa suke tsakura wa kowa. Na ce to, shi jinin an gaya masa ya jira sito? Ko kallona bai yi ba.

Sai in bar ɗalibaina a aji in bi layi tun hantsi. In ba a samu ba in hau adaidaita daga Dala, in zaga kemis-kemis har Shahuci. Amma maganin sati biyu, kwana takwas ya ƙare.

Ashe Hajiya rabo take. A lungunmu ba a shigo gidanka neman gishiri ko daddawa a fita hannu rabbana, ita kuma ta sa magani a wannan sahun. Aminiyarta ta gidan da ke kallon namu, wata tsohuwa 'yar asalin Barno, ciwonsu ɗaya, katinta na asibiti ya ɓata, 'ya'yanta duk suna nesa. Kullum da safe Hajiya sai ta yafa mayafi ta tsallaka gaisuwa da ƙwaya a ƙulle a bakin zani.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Hajiya, wannan fa ba goro ba ne. Likita ya ce in kina tsallakewa ɓarin jiki zai iya shanyewa."

Ta ce, "Kai, rufe min baki. Shekara arba'in muna ci a kwano ɗaya, yau sai in haɗiye abu ina kallonta?"

Na kwashe maganin na kulle a ɗakina. Kowace safiya ni nake kawo mata guda ɗaya da kofin ruwa, in tsaya a kanta kamar ɗan doka. Ta karɓa, ta juya baya wai ba a kallon babba yana haɗiya, ta sha ruwa ta miƙo min kofi. Ina ta jin kaina mai dabara. Ban san da haƙori take raba ƙwayar biyu ba. Sabon kati kuwa da zan iya zuwa in yanko wa tsohuwar, kullum sai in ce gobe, don haushinta nake ji.

Wata Talata ina shirin fita na ji buta ta faɗi a tsakar gida. Na tarar da Hajiya a zaune a ƙasa, baki ya karkace, hannun hagu ya saki.

Kwananta biyu a gadon asibiti kafin magana ta fara fita, a daddame. Na sunkuya na kara kunne. Da hannun da ya rage mata take laluben bakin zaninta.

Ta ce, "Nata na nan. Ban kai mata ba."