Hannun Ilu Wanzami

A Gagarawa Tasha duk namijin da bai haura shekara talatin ba, Malam Ilu wanzami ne ya yi masa askin suna. Hannunsa ba ya rawa, bakinsa ba ya ƙorafi. A wurinsa mai yawan cewa wayyo butulu ne ga Ubangiji.

Da sanyin ƙashi ya fara kama masa yatsu, matarsa Rahamatu ta matsa masa lamba har ya je wani asibiti a Gumel. Likita ya rubuta magani, ya ce ya dawo bayan wata uku.

To, shi Ilu yana da tsarinsa na ganin likita. Ranar da yatsu suka kumbura, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ba ya zuwa, don wa zai cusa kansa cikin motar haya mai mutum huɗu a layi ɗaya da wannan jiki? Sai ranar da ciwon ya lafa yake wanka, ya zura babbar riga, ya kafa hula, ya tafi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ai ba a zuwa gaban babban mutum a wulaƙance.

Likitan kuwa marasa lafiya sun fi ɗari a ƙofarsa, kansa na kan takarda.

"Baba, magani ya yi aiki?"

"Ranka ya daɗe, sai godiya. Ka yi ƙoƙari."

Ilu ya ga matashin likitan nan ya gaji, ina amfanin ƙara masa nauyi? Hannayen suna can cikin riga, a ɓoye.

Likita ya ji daɗi, ya mayar da shi wata shida. Da wata shidan suka cika aka sake yin godiya, sai ya rage magani, ya ce sai baɗi. Ilu ya dawo gida yana taƙama wai shi ne ya fi kowa kwantar wa likita da hankali. Rahamatu, wadda ita ke ɓalla masa maɓallin riga kullum safiya, ta ce, "Malam, ɓoyon ciwo dai ba ya maganinsa." Ya ce mata mata ba su san girma ba.

Ranar sunan jikan maƙwabcinsa Ɗalha, a gaban jama'a, aska ta suɓuce daga yatsun Ilu ta faɗi dab da kunnen jaririn. Babu jini, amma kowa ya gani. Ɗalha ya karɓi jikansa a hankali, ya ce, "Malam, ka huta." Wannan kalma ta fi ciwon yatsun yi masa zafi.

Washegari Rahamatu ta bi shi Gumel, ta janye hannun rigar da kanta ta ɗora yatsun a kan tebur. Likita ya daɗe yana kallonsu. Ya ce waɗanda suka karkace sun karkace ke nan, sai dai a ceci sauran, kuma daga yau ya riƙa zuwa duk wata.

Yanzu Ilu ba ya fashi, tunda ba mai kiransa suna. In ya fito daga asibiti yakan tsaya a wani shago kusa da kasuwa, ya cire hula, ya miƙa kansa ga mai askin inji. Har a gama idonsa a rufe yake.