Katambiri da Sabulun Salo

Ni dai fuskata busasshiya ce tun ina yarinya. In na wanke ta ban shafa mai ba, kafin azahar ta yi furu-furu kamar na faɗa cikin toka. Amma lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba. A ganina fuska fuska ce, abin da ya wanke ta wance zai wanke tawa.

Shekarar da zan shiga ajin ƙarshe na kolej a Damagaram, aka ce duk wadda ba ta dawo daga bakans, wato dogon hutu, da katin shaida da hoto ba, ba za a sa sunanta a egzame, jarrabawar fita, ba. Ni kuwa a ƙasar Magariya aka haife ni, can takarduna suke. Baba ya sa ni a kamyo, babbar motar kaya, zuwa Bande wurin goggo, ƙanwarsa, ita za ta kai ni Magariya a yi komai. Na sauka da akwatina, ciki har da hoda da jan baki da kiriyon gira da ɗan madubi. Littafi ɗaya tak na ɗauko, shi ma ban buɗe ba.

Goggo tana da ƴa sa'ata, taubashiyata ke nan, ba mu minti biyar ba mu tsokani juna ba. Ita fuskarta kullum naso take kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. In ta yi kwalliya ta gama yawonta, sai ta murza sabulun salo, wannan baƙin na toka, ta ɗauraye, fuskar ta fito fes.

Ranar kasuwar Bande na same ta da ƙawayenta a inuwar rumbu, sun fasa ƴaƴan katambiri suna tsoma tsinke suna zana wa juna a kunci. Na ce ni ma a yi mini.

Ta ce, "Ƴar lakwal, wannan fa ba kwalli ba ne." Haka take kirana, wai ƴar makaranta.

Na ce, "Ke tafi can. Mu a birni mun ga abin da ya fi shi."

"To, kawo kuncin."

Ta ja mini layi uku nan, uku nan. Na duba madubi, ban ga komai ba sai ɗan danshi. Ban san shi katambiri daga baya yake nuna ba. Na ce rowa take mini, ta ƙara. Ta ƙara. Na ce ta sake. Ƙawayen suna ta ƙunshe dariya a zane, ni kuma na ɗauka faransancin da nake jefawa ne ya burge su.

Kafin la'asar layukan sun yi baƙi ƙirin. Na sha yawo a kasuwa ina jin kaina. Da muka dawo goggo ta dube ni, ta ajiye ludayi.

"Ke ƴar nan, kin manta jibi za mu Magariya?"

Na ce, "Goggo, ai wankewa zan yi."

Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da damunta.

Na ɗauki sabulun taubashiya na murza. Hoda ta fita, jan baki ya fita, katambiri yana nan daram. Na sake murzawa. Fuska ta fara ɗaurewa kamar fatar ganga. Washegari da safe na tuna wata ƙawata a kolej da take goge fuska da lemon tsami, na manta ita ma fuskarta mai maiƙo ce. Na matse ɗaya na shafa a kan fatar da sabulu ya riga ya cinye. Wayyo! Sai da na zagaye turmi sau biyu ina fifita da faifai.

Taubashiya ta ce, "A kawo miki barkono ki cike miyar?"

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na lallaɓa makewayi na ɗauko dutsen da goggo take goge kaushi da shi. Na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai aikin aji. Baƙin bai tafi ba, fatar ce ta tafi.

Goggo ta same ni a bayan ɗaki ina hawaye, hawayen ma yaji yake mini. Ta kama haɓata ta juya fuskar dama da hagu.

"Wa ya ce ki sa sabulun salo?"

"Ai ƴarki shi take sawa."

"Ita fuskarta mai take fitarwa, sabulu ya samu abin ci. Ke me zai ci a taki in ba ke ba? Irin ta ubanki ce, shi ma ko alwala ya yi sai ya shafa mai."

Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan kasko na man gyaɗa, wanda ta matse da hannunta, da auduga. Ta dangwala ta goge mini idanu a hankali. Ragowar kwallin da nake fama da shi tun jiya ya biyo audugar salin-alin, babu zafi babu raɗaɗi. Ta ce daga yau in na yi kwalliya da wannan zan cire, sannan ruwan ɗumi, sabulu kuwa sai jefi-jefi.

Na ce, "To katambirin fa?"

"Shi babu abin da ke cire shi. Kwana bakwai, ya tafi don kansa. Da kin tambaya."

Ranar tafiya na tashi layukan sun yi ɓawo, shida cif, sun ɗan taso. Na roƙi goggo a ɗaga, ta ce mai hoto ba kullum yake zama ba, kuma ita tana da gyaɗa a gona. Muka tafi. Mai hoton ya zaunar da ni a benci gaban wani baƙin ƙyalle, ya cusa kansa cikin akwatinsa. Na ja kallabi na rufe kunci. Ya fito da kai ya ce, "Malama, fuska ake so, ba kallabi ba."

Daga nan sai biro, ofishin da ake yin katin. Komin, wato akawun da ke cike takarda, dattijo ne mai tabarau. Suna, sunan uba, tsawo. Da ya zo wurin da ake rubuta alamar jiki, ya ɗago ya ƙare mini kallo.

"Tsaga ce wannan?"

Bayana layi ne na mutane, har da wasu samari biyu ƴan lise, makarantar gaba da kolej, da na sani a Damagaram. In ce katambiri ne na kankare da dutsen kaushi? Ni, ƴar kolej? Na sunkuyar da kai na ce, "I, mushe."

Goggo ta yi tari. Ya rubuta, ya buga hatimi.

Dosiye dai ya cika, takarduna sun kammala, an sa sunana, na zauna egzame. Kafin lokacin kuncina ya warke sumul, man gyaɗa ya yi aikinsa. Ranar farko mai tsaron ɗakin egzame ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni, ya karanta abin da aka rubuta. Ya ce wannan ba ni ba ce, mai katin tana da tsaga uku-uku. Sai da aka kira madam ɗin ajinmu ta zo ta shaide ni, ni kuma na tsaya gaban ɗalibai cike da ɗaki na ba da labarin dutsen kaushi tun daga farko, da faransanci. Ya miƙo mini katin yana danne dariya, ya ce in je in zauna, an riga an fara raba takardu.